Tsakanin "Ya Ce" Da "Na Ce": Darasin Da Muke Jinkirtawa Sai Shekarar Ƙarshe

A duk manyan makarantun ƙasar nan akwai wani darasi da ake ɗora wa kowane sabon ɗalibi a zangonsa na farko, ko likita zai zama, ko akanta, ko malamin gona. A jami'a ana kiransa GST 111, a kwalejin kimiyya da fasaha GNS 101, a kwalejin ilimi kuwa yana cikin darussan da ake yi wa laƙabi da GSE. An fi saninsa da darasin amfani da Turanci. Ɗalibai suna ɗaukarsa kamar shingen bincike a kan hanyar Jega: a tsaya, a miƙa takarda, a wuce. Na shafe shekaru ina koyar da shi a ɗaya daga cikin makarantun jihar nan, kuma a ganina babu darasin da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, babu kuma wanda sakaci da shi ya fi jawo mana asara. A cikinsa ne ya kamata yaro ya fara koyon rubutun bincike. Amma a yadda muke tafiya, ba ya haɗuwa da wannan aiki sai a shekararsa ta ƙarshe, ranar da aka ce ya kawo batun kundin kammala karatu. A lokacin kuwa icce ya riga ya bushe, tanƙwara shi sai dai karyewa.

Duk wanda yake zaune a unguwar da ɗalibai ke kama haya, kamar tamu Nasarawa a nan Birnin Kebbi, ya san lokacin kundi ba sai an gaya masa ba. Shagunan buga takardu sukan cika maƙil, janareta na kuka har tsakar dare, yara na kaiwa da komowa riƙe da filas. Mafi yawansu aikinsu suka kawo a buga masu. Amma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu zuwa hannu sake su fita da babi biyar cikakku, an canza sunan ƙaramar hukuma, an canza shekara, an liƙa sunan mai saye a bango. Na taɓa karanta wani kundi a kan matsalolin noman shinkafa a yankin Argungu, ina cikin babi na biyu sai na ci karo da kwakwar manja da damina mai wata tara. Mai shagon ya manta bai goge shafin ba, mai kundin kuma bai karanta abin da ya sa wa hannu ba.

Abu ne mai sauƙi a ce yaran zamani ba su da amana, a tsaya nan. Ni ban gamsu da wannan ba. A duba yadda yaron ya taso. Tun daga firamare har ya gama sakandare, amsa mai kyau ita ce wadda ta fi kama da abin da malami ya rubuta a allo. Wanda ya mayar da kalmomin malami daidai wa daida shi ne na ɗaya, shi ake tafa wa ranar ba da kyaututtuka. Jarrabawar shiga jami'a kuma zaɓi ce tsakanin amsoshi huɗu a kan kwamfuta. Shekara goma sha biyu muna saka masa da alheri a kan kwafa, sai rana ɗaya mu ce masa kwafa sata ce, ba tare da mun taɓa nuna masa abin da zai yi a madadinta ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake kamawa da satar fasaha, idan ka zaunar da su, za ka tarar ba su ma fahimci laifin da ake tuhumarsu da shi ba. A wurinsu, samo bayani daidai a littafi a juye shi cikin takarda, shi ne binciken.

Darasin da ya kamata ya warware wannan ƙulli, yaya muke koyar da shi? A tara ɗaruruwan ɗalibai a babban zaure, waɗansu a tsaye, waɗansu a bakin taga, malami ya riƙe lasifika ya yi ta bayani a kan sassan jimla, da dacewar aikatau da suna, da yadda Bature ke furta wasula. Duk ilimi ne mai amfani. Amma a wurare da dama jarrabawar ƙarshe ita ma zaɓi ce a kan kwamfuta, saboda yawan masu zama. Ke nan ɗalibi na iya cin darasin rubutu da maki mafi daraja alhali bai rubuta sakin layi ko ɗaya da wani ya karanta ba. Tamkar a hau tudun Dukku da yaro ne a koya masa iyo da baki, a ba shi takardar shaida, bayan shekara uku a jefa shi a Matan Fada a ce ya kamo giwan ruwa.

A Amurka, inda wannan darasi ya kafu sosai, tushensa ma kuka ne irin namu. A cikin shekarun 1870 Jami'ar Harvard ta fara gwada masu neman shiga da rubutun insha'i, ta tarar da yawansu, 'ya'yan manya da suka fito daga makarantu masu tsada, ba su iya ba. Daga nan ta wajabta darasin rubutu a shekarar farko, sauran jami'o'i suka bi sahu. Abin lura a tsarinsu shi ne ajin ƙarami ne. Ƙungiyar malaman fannin a can ta daɗe tana ba da shawarar kada ɗaliban aji ɗaya su wuce 20. Ɗalibi yakan rubuta, malami ya karanta ya mayar masa, ya sake rubutawa, zangon ya ƙare da ɗan ƙaramin bincike mai madogara. Ban kawo wannan don mu kwaikwayi Amurka ba, domin ba mu da kuɗinsu. Na kawo shi ne don a san cewa ko inda Turanci ya zama harshen uwa, ba a ɗauka ana haihuwar mutum da iya rubutun bincike ba. Koyar da shi ake yi, kuma da wuri.

To mene ne abin koyarwar? Ba tsarin APA ba ne da farko, wato inda za a sa waƙafi da inda za a karkata sunan littafi. Wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san dalilinsa. Abu na farko da ɗalibi ke rasawa shi ne tambaya. Idan na ce wa sababbin ɗalibai su kawo abin da suke so su bincika, sai a kawo mini "noman shinkafa a Jihar Kebbi", ko "matsalar shaye-shaye", ko "muhimmancin ilimin mata". Waɗannan kanun magana ne, babu tambaya a cikinsu, kuma duk wanda ya ɗauki kanun magana ba shi da abin yi face ya tara abin da wasu suka faɗa. Nakan tambayi mai shinkafa, a gidanku ana noma? Ya ce ana yi, a fadama. Na ce, yaushe mahaifinka ke sayar da shanshera? Ya ce, da an sheƙe. Na ce, ai a lokacin ne ta fi arha, me ya hana shi ajiyewa? Sai ya yi shiru, sa'an nan ya fara lissafo bashin taki, da kuɗin man injin ban ruwa, da dillalin da ya ba da kuɗi tun kafin shuka. Nan take ya sami abin bincike: me ya sa manoman ƙauyensu ke sayar da shinkafa a lokacin da farashinta ya fi faɗuwa? Wannan tambaya babu shagon da ke da amsarta a ajiye. Dole ya je ya tambayi mutane, ya duba abin da aka rubuta a kan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a nan Kebbi a Nuwamban 2015, ya gano ko zuwan manyan masana'antun casa irin na Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu ya sauya wani abu ga mai kadada ɗaya. Yaron da a baya ba shi da abin cewa, yanzu ya fi malaminsa sanin batun.

Bayan tambaya sai auna majiya, kuma a nan ne na fi so in daɗe, domin ƙasarmu ta Kabi makaranta ce a kan wannan. Kowane ɗalibi da ya yi rubutu a kan bikin kamun kifi na Argungu yakan buɗe da cewa an fara shi a 1934. Nakan zagaye shekarar da jan biro in rubuta a gefe: wa ya faɗa maka? Ba don shekarar kuskure ce ba. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su na girmamawa, ziyarar da ake ɗauka a matsayin alamar rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Amma ɗalibin da ya bi sawun maganar zai gano cewa Kabawa ba a 1934 suka fara su ba. Gyaran ruwa, da sarautar Sarkin Ruwa, da kamun kifi da homa da gora, duk sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Ashe jimlar da ya kwafo tana buƙatar gyara: abin da ya fara a 1934 shi ne bikin a siffarsa ta taron baƙi. Kafin ya kai ga wannan gyara, ya riga ya koyi cewa shafuka goma na intanet da suka faɗi magana ɗaya ba shaidu goma ba ne idan duk daga wuri ɗaya suka kwaso. Ya koyi bambanci tsakanin takardar tallar yawon buɗe ido, da bayanan da aka gabatar wa UNESCO kafin ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016, da rahoton jami'in mulkin mallaka da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da abin da dattijo masunci zai gaya masa a bakin gulbi. Kowannensu yana da abin da ya sani, da abin da ya ɓoye, da dalilin da ya sa ya yi magana.

Haka labarin Kanta. Littafin Tarihin Sudan na Abdurrahman Assa'adi, mutumin Tambutu, ya kawo yadda Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai a wajejen 1516, bayan saɓani a kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Majiya ce mai daraja. Sai dai Assa'adi ya yi rubutunsa ne a tsakiyar ƙarni na 17, fiye da shekara ɗari bayan abin ya faru, kuma daga ɓangaren Songhai yake kallo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Kanta a Infaƙul Maisuri, kusan shekara ɗari uku bayan zamaninsa, a lokacin da ake cikin yaƙi da Kabawa. Fadar Argungu kuma tana da nata ruwayoyin, ga kufan Surame yana nan da ganuwarsa, ga gidan tarihi na Kanta da kayan da ke cikinsa. Ɗalibin shekarar farko ba zai warware asalin Kanta ba, ba kuma a nemi haka gare shi ba. Abin da ake so shi ne ya ajiye ruwayoyi biyu a gabansa ya iya cewa: wannan ya faɗi kaza, wancan ya saɓa masa a kaza, ga shekarun da ke tsakanin kowannensu da abin da yake ba da labari, ga dalilin da ya sa na fi karkata ga wannan. Wanda ya iya rubuta wannan jimla a shekarar farko, babin waiwayen ayyukan da suka gabata ba zai gagare shi ba a ta ƙarshe.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke gabatar wa ɗalibai maganar madogara kamar wata baƙuwar doka ce da Turawa suka ƙaƙaba mana. Daga nan Birnin Kebbi zuwa Gwandu tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ce a mota, kuma a can Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. A cikin littattafansa akwai wani ɗan ƙarami mai suna Ida'un Nusukhi, wanda ya keɓe don abu ɗaya: ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Ya ambaci yayansa Shehu Usmanu, ya ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya ambaci wanda ya karantar da shi Buhari, har zuwa waɗanda ba don shi ba da sunayensu sun ɓace. Mutumin da ya rubuta tafsirin Alƙur'ani sukutum, Liya'ut Tawili, bai ga ƙasƙanci ba a cikin faɗin inda ya samo. Masana tarihi na zamani da wannan ɗan littafi suka gano irin karatun da ake yi a ƙasar Hausa kafin jihadi. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1957, ya kuma fassara Tazyinul Waraƙati a 1963.

Ba a jerin malamai kawai abin ya tsaya ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san yadda malaman nan ke tsara shafi. Idan marubuci zai kawo maganar wani, sai ya ce wane ya ce a littafi kaza. Idan maganar ta ƙare, sai ya sa alamar "intaha", wato ta ƙare, domin mai karatu ya san daga nan ba wancan malamin ke magana ba. Idan zai kawo nasa ra'ayi, sai ya buɗe da "ƙultu", wato na ce. Kalmomi uku ke nan: ya ce, ta ƙare, na ce. Duk abin da littafin APA ke ƙoƙarin cimma a cikin ɗaruruwan shafuka, wannan ne: mai karatu ya san muryar wa yake ji a kowace jimla, ya kuma iya komawa ya duba idan yana shakka. Tushen abin kuwa ilimin isnadi ne, inda ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, kuma ko mai ruwayar abin dogaro ne. Ɗaliban da ke zaune a gabanmu, da yawansu sun yi Islamiyya, sun haddace hadisai da sunayen masu ruwaitowa. Sun san ba a cewa "an ce" a gaban malamin hadisi. Sai ga shi da sun shigo ajin boko, babu wanda ya gaya masu cewa wannan da wancan abu ɗaya ne.

Da na fara buɗe darasin madogara da waɗannan kalmomi uku, na ga bambanci. Nakan ba su sakin layi daga rubutunsu in ce su ja layi a ƙarƙashin "ya ce" da baƙi, a ƙarƙashin "na ce" da ja. Mafi yawan takardun sukan dawo baƙi ƙirin, babu ɗigon ja. Wata ɗaliba, mai ƙwazo ce ƙwarai, ta tsaya bayan an tashi ta ce, "Malam, to ni wace ce da zan ce 'na ce' a gaban farfesa?" Wannan tambaya ta fi kowace nuna inda ciwon yake. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau. Amma mun bari ta rikiɗe ta zama tsoron tunani. Na ce mata, Malam Abdullahi ya fi mu ladabi ga malamansa, amma bai fasa cewa "ƙultu" ba, har akwai mas'alolin da ya saɓa wa yayansa Shehu a rubuce. Sharaɗin kawai shi ne ki kawo hujja. Idan farfesa ya rubuta cewa talauci ne ke hana 'yan mata zuwa makaranta, ke kuma kin tambayi iyaye mata goma a unguwarku, bakwai suka ce nisan makarantar ne da rashin banɗaki, kina da ikon ki rubuta abin da kika ji, ki faɗi iyakarsa: mutum goma ne, unguwa ɗaya ce.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin sun sha faɗa mini. Za su ce Turancin yaran bai kai ba, wanda bai iya haɗa jimla ba yaya zai yi bincike? Gaskiya ne Turancin da yawansu yana da rauni. Amma raunin Turanci daban, raunin tunani daban, mu ne muke cakuɗa su. Yaron da ke in'ina a Turanci, ka saurare shi yana musun farashin albasa ko siyasar ƙaramar hukuma da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Dakarci, za ka ji hujja da raddi da misali. Ban ga laifi ba a bar shi ya yi hirarsa da mutane cikin harshensu, ya tsara tambayarsa da hujjojinsa da Hausa, sa'an nan ya juya su zuwa Turanci. Sassan nazarin Hausa a jami'o'inmu sun daɗe da samar da kalmomin aikin: tsakure, farfajiyar bincike, waiwaye, ra'i, manazarta. Na kuma lura cewa Turancin ɗalibi yakan fi gyaruwa idan yana da abin da yake so ya faɗa. Jimlar da ya sha wahala ya ƙera da kansa, ko da karyayyiya ce, ana iya gyara ta tare da shi. Jimlar da ya kwafo, komai santsinta, babu abin da zai koya daga gare ta.

Za su kuma ce yawan ɗalibai, kuma wannan hujja ce mai nauyi da ba zan raina ba. A yi lissafi. Idan karanta shafi biyar da yi masa gyara zai ci minti 15, malami mai ɗalibai 300 yana buƙatar sa'a 75 kafin ya gama zagaye ɗaya, ban da sauran darussansa, ban da kundayen 'yan shekarar ƙarshe, ga albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Malami ɗaya ba zai iya ba, kuma zalunci ne a ɗora masa. Amma me ya sa aikin zai zama na sashen Turanci shi kaɗai? Ɗalibin aikin gona, malamin aikin gona ne ya fi dacewa ya karanta bincikensa a kan shinkafa. Idan kowane sashe ya karɓi nasa sababbin ɗalibai aka raba su ga malamai, da masu karatun digiri na biyu, da 'yan hidimar ƙasa da ake turowa suna zaman kashe wando a ofisoshi, kowa zai tashi da ashirin ko talatin. Zagayen farko ma ɗalibai na iya karanta wa junansu, da tambaya ɗaya tak a hannu: a ina ka samo wannan? Sabon manhajin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Makin aikin aji kuma, wanda a mafi yawan makarantu 30 ne ko 40, yana hannun malamai. Ba sai an jira izini daga Abuja ba kafin a ce wannan maki na ɗan bincike mai shafi biyar ne: tambaya ɗaya, rubutattun majiyoyi biyu, mutum biyu da aka yi hira da su, a rubuta, a gyara, a sake rubutawa.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tun da ChatGPT ya bayyana a ƙarshen Nuwamban 2022, mai son kwafa ba ya buƙatar shago, wayarsa ta isa. Na'urar takan zubo Turanci mai tsabta, wani lokaci har da sunayen marubuta da littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Makarantu suna ta dogara ga manhajojin kama satar fasaha irin su Turnitin, ɗalibai kuma sun koyi sauya kalmomi har adadin kamanni ya sauko. Wasan ɓuya ne da ba shi da ƙarshe. Abin da na ga yana aiki tsoho ne ƙwarai: ka zaunar da ɗalibi minti biyar ka tambaye shi, wa ka yi hira da shi, a ina, wace rana, me ya faɗa da ya ba ka mamaki? Wanda ya je, bakinsa ba ya rufuwa. Wanda bai je ba, tambaya ta biyu ta ishe shi.

Mai karatu na iya cewa, duk wannan damuwar malaman makaranta ce, ina ruwan wanda ba zai zama farfesa ba? Ruwansa kuwa ya kai wuya. Waɗannan yara su ne gobe za su rubuta rahoton ɓarnar ambaliya irin wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan a 2020, kuma a kan alƙalumansu za a raba tallafi. Su ne za su cike rajistar asibiti, su rubuta rahoton binciken kuɗi, su ɗauki bayanin mai ƙara a caji ofis, su karanta labarai a rediyo. Jami'in da ya saba tun yana ɗalibi ya cike tambayoyin bincike ɗari shi kaɗai a ɗakinsa da biro kala uku, ba zai ji nauyin ƙirƙiro sunayen manoma ba. Kai, ko a WhatsApp, sau nawa mai digiri ke turo mana labarin da zai iya tayar da gari, a ƙarƙashinsa an rubuta "kamar yadda aka turo mini"?

Akwai kuma ribar da ba mu lissafawa. A 1969 Muhammad Bello Alkali ya rubuta kundin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan Kabi a ƙarni na 19. Aikin ɗalibi ne, amma har yau masu nazarin tarihin wannan yanki suna komawa gare shi, saboda ya je ya zauna da waɗanda suka sani tun suna raye. Yau muna da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha a Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, kowace tana karɓar sababbin ɗalibai duk shekara daga Yauri, da Zuru, da Kamba, da Bagudo, da ƙauyukan da ba a taɓa rubuta shafi ɗaya a kansu ba. Da kowannensu zai koma gida hutun zangon farko da tambaya ɗaya, a zaɓi masu kyau a ɗaure a ajiye a laburare, da cikin shekara goma an tara abin da babu shi a ko'ina: nawa ake sayar da buhun shanshera a Kalgo ranar sheƙa da wata uku bayanta, waɗanne kifaye ne masunta suka daina gani a gulbi, yadda manoman albasa a Aliero ke adana ta da yawan da ke ruɓewa, su wane ne suka fara zama a Nasarawa kuma daga wace unguwa ta tsohon gari suka fito. Masu amsar tambaya ta ƙarshe suna nan a kan tabarma ƙofar gidajensu bayan la'asar, kuma a cikin gidajen nan ne ɗalibanmu ke haya.